Sinkin kicin da ke yawan toshewa a gidan haya: daga ina matsalar take, kuma wa zai biya?

Tambaya: Wata Hajiya daga Kaduna ta rubuto cewa tana da bene mai sashe huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, duk ta zuba 'yan haya. Duk bayan wata biyu ko uku sai sinkin kicin na ƙasa ya toshe, baƙin ruwa mai wari ya riƙa dawowa. A kira mai gyara ya zuba asid, hanya ta buɗe, ba a jima ba a koma gidan jiya. Na ƙasa sun ce na sama ne, na sama sun ce su nasu sinkin lafiya lau yake, ita kuma kullum ita ke biya. Tana son sanin yadda za a rabu da abin gaba ɗaya, da kuma wanda ya kamata ya ɗauki kuɗin gyara.

Amsa:

Hajiya, ranki ya daɗe. Kafin mu shiga komai, a dakatar da zuba asid ɗin nan, zan faɗi dalili a gaba. Na biyu kuma, kada ki yi saurin ɗora wa na ƙasa laifi. A irin ginin da kika kwatanta, yawanci fayif ɗaya ne ke saukowa daga kicin ɗin sama, ya karɓi na ƙasa, sannan su wuce tare zuwa waje. In hanya ta cushe a gaban mahaɗar, ruwan da aka zuba daga sama ba shi da inda zai bi sai ƙofa mafi kusa da ƙasa, wato sinkin mutumin ƙasa. Shi na sama ba zai taɓa ganin komai ba, ruwansa na tafiya sumul, yana sauka a kicin ɗin maƙwabcinsa. Don haka da suka ce nasu lafiya lau yake, gaskiya suka faɗa, amma wannan ba ya wanke su. Na sha zuwa gidan da aka bar jaki ana dukan taiki, har aka ba na ƙasa takardar tashi, alhali shi ne wanda ake cuta.

Abin da ke toshe fayif ɗin kicin a gidajenmu, kusan kullum, maiƙo ne da ya samu abin riƙewa. Manja ba ya zama ruwa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 35, kitsen sa da na rago kuwa sai an haura 40. A tukunya suna ruwa, a ruwan wanke-wanke mai kumfa ba a ma ganinsu, amma fayif ɗin da ke binne a ƙasa ko a cikin bango sanyi gare shi. Da sun taɓa jikinsa sai su daskare su manne. Da hunturu, a Kaduna ko Zariya ko Kano, sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, shi ya sa Disamba da Janairu ne watannin da wayar masu aikin famfo ba ta hutawa. Man gyaɗa ba ya daskarewa a irin wannan sanyi, amma kada a ce shi ba shi da laifi: yana shafe cikin fayif ya bar danƙo, duk abin da ya biyo baya ya liƙe.

In muka yanke irin wannan fayif da zarto, ga abin da ake gani. Daga ciki akwai baƙin laka mai laushi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da ƙwayoyin shinkafa da suka kumbura da gashin soso. In ka kankare wannan sai ka tarar da wani abu fari-fari ko ruwan toka a manne da jikin robar, mai tauri kamar tsohon sabulu, sai da sukundireba yake ɓantaruwa. Wannan na biyun shi ne ainihin matsalar. Mai in ya daɗe a fayif yana rikiɗa, ya haɗu da sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwa ko cikin simintin camba (wato ɗan ramin da ruwan fayif ke faɗawa a wajen gini), ya zama dunƙule wanda ruwan zafi ba ya narkarwa kuma. Gidan da ruwan bohol ɗinsa ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi, abin ya fi saurin kama shi. Ki lura da lissafin: fayif mai faɗin milimita 40, in wannan ɓawo ya yi kaurin milimita 5 kacal a kewaye, hanyar ruwa ta ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. A ido ƙaramin abu ne. Daga nan ɗan loman tuwo ɗaya ya isa ya rufe sauran.

Tuwon ma shi ne abokin tafiyar maiƙo. Abincinmu na gari ne da sitaci: tuwon shinkafa, tuwon masara, semo, garin kwaki, taliya, ƙullun ƙosai da na waina, gasarar koko. Duk suna shan ruwa su kumbura, ko su kwanta a ƙasan fayif su yi tauri. Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san yadda take kwanciya a gindin bokiti har sai an sa hannu an ɓamɓaro. Haka take yi a duk inda fayif ya ɗan lotsa. Sai ƙanzon da aka jiƙa a tukunya aka juye a sinki, da ganyen shayi, da ɓawon wake in an surfa, da ƙayar kifi. Akwai kuma abin da ba a cika kawowa a rai ba, wato toka da yashin da ake goge bayan tukunya da su, da tsakuwar da ake regewa daga shinkafa 'yar gida, da ƙasar jikin doya da dankali. Waɗannan ba sa ruɓewa, ba sa narkewa, babu maganin da ke cin su. Inda suka kwanta, nan suke har sai an kwashe.

Ni a ganina tushen abin shi ne mun ɗauko al'adar tsakar gida mun shigar da ita cikin fayif mai inci ɗaya da rabi. A gidan gargajiya, ana wanke-wanke a bakin rariya, a fili. Sauran abinci na almajiri ne ko na akuya, ƙanzo a shanya shi, shinkafar da ta zube kaji su tsince, abin da ya rage a sa tsintsiya a kore shi zuwa kwata. Ko rariyar ta cushe, ana ganinta, ɗan yaro da kara zai buɗe. Yanzu an hau bene, babu kaji babu akuya, hannu kuwa bai manta da juye baho gaba ɗaya ba. Ga kuma ƙarancin ruwa. Wanda ke sayen jarka a wajen 'yan garuwa ba zai saki ruwa ya bi bayan wanke-wanke ba. Da ɗan ruwa kaɗan za a wanke kwanukan gida duka, ya yi kauri ya yi maiƙo, a tuttule, shi ke nan. Fayif bai taɓa samun ruwan da zai cika shi ya wanke shi ba. Kuma kusan duk kicin ɗinmu babu famfon ruwan zafi.

Kada ki ɗauka girman fayif kaɗai zai cece ki. A shekarar 2017, a unguwar Whitechapel da ke Landan, an tono dunƙulen kitse da tsummokin goge jiki mai nauyin tan 130, tsawonsa mita 250, a cikin magudanar da mutum ke iya shiga. In maiƙo ya iya cushe wannan, na gidanki ba komai ba ne a wajensa.

To, abin da ya rataya a kan 'yan haya ba shi da wuya, sai dai yana son a saba. Kwano ko tukunya ba sa shiga ruwa sai an kankare su tas a kwandon shara. Tukunyar miya da kaskon suya a goge su da tsohuwar jarida ko takardar burodi ko ɗan tsumma kafin wanki. Wannan gogewar ta daƙiƙa goma ta fi duk wani magani da ake sayarwa a kwalba. Man suyar da ya gama aiki a bar shi ya huce a zuba a gwangwanin madara ko tsohuwar jarka, in ya taru a jefar da shi da shara, ko a riƙa ɗiga shi a takarda ana hura gawayi. Romon nama mai kitse a bar shi ya kwana, da safe a yaye farin da ya taso. A bakin sinki kuwa dole a samu 'yar rariyar ƙarfe mai ƙananan huji, wadda ake ɗagawa a kakkaɓe. Da yawan sinkin da ake sayarwa suna zuwa da ita, amma sai ka tarar an cire an ajiye a kan taga, wai tana hana ruwa saurin wucewa. Ai aikinta ke nan. In tana cika, abin da ta tare ne da tuni yana cikin bango.

Wanda ke wanke-wanke a baho, kada ya juye shi kai tsaye. A tsiyaye ta cikin gwagwa ko tsohon mataci, in an zo gindi inda laka da yashi suka kwanta a tsaya, a kai wannan waje. Ruwan gasara da na wankin shinkafa su ma a ba shuka ko dabba. Sannan sau ɗaya a mako, zai fi kyau da dare bayan an gama komai, a toshe bakin sinki, a cika shi da ruwa mai zafin da hannu ke iya jurewa da ƙyar, a sa sabulun wanke-wanke na ruwa, a cire toshiyar gaba ɗaya. Yawan ruwan da nauyinsa ne ke aikin, domin yana cika fayif har sama ya tura abin da bai riga ya kama ba. Ɗan kofi ɗaya na ruwan zafi ba ya komai sai dai ya narkar da mai a nan, ya kai shi mita biyu gaba ya ajiye inda hannu ba ya kaiwa. Tafasasshen ruwa kuma ban yarda da shi ba. Fayif ɗin PVC an yi shi ne don zafin da bai wuce wajen digiri 60 ba, wanda ke cika kasuwanninmu kuwa siriri ne ƙwarai. Ruwan taliya ko na doya da aka sauke daga wuta aka juye yana lanƙwasa shi, yana sassauta gam a mahaɗa. A sirka da ruwan sanyi tukuna.

Lokaci biyu a shekara sai an ƙara sa ido: azumi da Babbar Sallah. Da azumi suya ba ta yankewa, ƙosai, dankali, doya da ƙwai, ga kunu kullum. Da layya kuwa, kitsen da ke shiga kicin a rana ɗaya ya fi na sauran ranaku nesa ba kusa ba. Wankin tumbi da hanji ba aikin sinki ba ne sam, a yi shi a waje, a binne dattin ko a kai bola. Ruwan da aka wanke kaskon suyar nama da shi, a bar shi a baho ya huce, kakiden zai taso ya daskare a yaye. Mako biyu bayan Sallah, gida-gida ake kiranmu, kuma abin da muke zarowa iri ɗaya ne.

Ƙarƙashin sinki akwai wata 'yar kwalbar roba, ko fayif mai lanƙwasa, da ke riƙe ruwa kullum. Ruwan nan shi ke tare wari da kyankyaso daga dawowa ta fayif, kuma a nan abu mai nauyi ke fara kwanciya. An yi ta ne don a kwance da hannu. A sa bokiti a ƙasa, a murɗe gindin, a zubar, a wanke da tsohon buroshi, a mayar, a tabbata zoben robar ya zauna daidai. Minti biyar ne. A ɗaura shi da ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata don kada a manta. Abin da nake roƙon ki duba da idonki shi ne ko an sa kwalbar ma. A gidajen haya da yawa, don sauƙin kuɗi, wata farar roba mai ziri-ziri ake sawa, wadda ake ja ta miƙe a lanƙwasa yadda aka so, a cusa bakinta a rami. Kowane ziri a cikinta ma'ajiyar maiƙo ne, kuma tana lotsawa a tsakiya. In ita ce a gidanki, a cire ta a sashe huɗun duka, a sa kwalba da fayif mai santsi.

Yanzu ga naki ɓangaren, Hajiya, kuma ina zaton a nan gizo ke saƙar. Toshewar da ke dawowa duk wata biyu ko uku, a wuri ɗaya, ko da an canza 'yan haya, ba halin mutane kaɗai ba ne. Akwai aibi a shimfiɗar fayif. Ruwan kicin ba famfo ke tura shi ba, gangara ce. Ƙa'idar da muke bi ita ce fayif ya sauka santimita 2 da rabi a kowace mita, wato in tsawonsa mita 4 ne daga bango zuwa camba, ƙarshensa ya fi farkonsa ƙasa da santimita 10. Sau da yawa ba a samun haka. Wani lokaci mai aikin famfo ya zo bayan an riga an zuba daɓe, ya kwantar da fayif lebur don ba ya son fasa siminti. Wani lokaci an shimfiɗa daidai, amma aka mayar da ƙasa ba a daddaɓe ba, damina ɗaya ƙasa ta zauna, fayif ya yi ciki a tsakiya. Ko kuma ya bi ta inda ake ajiye mota. A wannan cikin ruwa ke kwana, mai ya taso ya daskare, yashi ya nutse. Ko malaman tsafta kika zuba a gidan, zai toshe. Akwai kuma guntun siminti da yashin da magina ke bari a fayif tun lokacin gini, da ruwan wankin tayil da ake zubawa a ciki ya sandare. Sabon gida da ya fara toshewa tun shekarar farko, wannan nake fara zargi.

Girma ma da magana. Inci ɗaya da rabi ya isa daga sinki zuwa bango, amma kicin biyu su taru a kansa zalunci ne. Hanyar ruwan inci 2 ta fi tasa girma da kusan kashi 80 cikin 100, wanda ke binne a ƙasa kuwa in ya yi tsawo gara a kai shi inci 3 ko 4. Kowace gwiwa mai kusurwa tsaye wurin tsayawar datti ce. Gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai 90. Kuma a duk inda fayif ya juya, a bar ƙofa mai murfin murɗawa da za a iya zura waya. Da za a sa wannan ƙofar tun farko, da rabin tayil ɗin da ake fasawa a gidaje ba a fasa ba.

Shawarar da zan ba ki kai tsaye guda biyu ce. A raba fayif ɗin sama da na ƙasa, kowane kicin ya sauko da nasa ta bayan bango har waje. Kuɗin fayif ne da ƙarfen maƙalawa kawai, ba sai an taɓa cikin ɗaki ba, sai dai a shafa masa fenti don rana na busar da PVC har ya riƙa karyewa. Daga ranar, rigimar “waye ya jawo” ta mutu, domin kowa abin da ya zuba a nasa zai tsaya. Sannan a gina cambar tare maiƙo a bayan kicin, kusa, kada ta wuce mita biyu ko uku daga bango. Ɗan rami ne na bulo da aka shafe da siminti sumul, misalin tsawon santimita 60, faɗin 40, zurfin 50 don kicin ɗaya ko biyu. A tsakiya a sa katanga wadda ba ta kai ƙasa ba, ruwa ya riƙa bi ta ƙarƙashinta. Fayif mai shigowa ya kasance yana ɗan sama da mai fita, bakin mai fitar kuma a sa masa mahaɗa mai baki uku wadda ƙafarta ta nutse cikin ruwa, don ya riƙa jan ruwan tsakiya. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya taso ya tsaya a ɗakin farko. Yashi da shinkafa su nutse. Ruwa kaɗai ya wuce. Murfin ya zama wanda mutum ɗaya zai ɗaga, mai hannu, ya kuma rufe ruf saboda sauro da ɓera. Na ga gidajen da aka gina camba mai kyau sannan aka bi ta kai da intalok aka shafe. Cambar da ba a buɗewa, gara babu.

Kwashe ta aikin ludayi ne da bokiti, duk mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon girkin gidan. Ma'aunin shi ne kada maiƙon sama da lakar ƙasa su haɗu su kai kwata na zurfin ruwan. Abin da aka kwaso a ɗaure a leda a kai bola, ba kwatar layi ba. Amfanin cambar bai tsaya a fayif ba: maiƙon da ya wuce zuwa sokawe, wato ramin da ƙasa ke shanye ruwan datti, yana shafe bangon ramin ya hana ƙasa shan ruwa, sai ki ga ramin da ya kamata ya yi shekaru yana cika duk bayan 'yan watanni, ana kiran motar kwasa. In kuma matsalar ta fi tsananta a Agusta, a duba sokawen da kyau, wataƙila ƙasa ce ta ƙoshi da ruwan sama, ko an haɗa ruwan indararo da shi. Haka in akwai darbejiya ko mangwaro kusa da layin, saiwarsu na shiga ta mahaɗar da ta ɗan buɗe.

Mu dawo kan asid. Abin da yake yi shi ne ya huda 'yar ƙofa a tsakiyar toshiyar, ruwa ya wuce, a biya mai gyara ya tafi, ɓawon yana nan daram. Shi ya sa kike ganinsa duk wata biyu. A hanya kuma yana haifar da zafin da ke lanƙwasa roba, yana cin simintin camba, yana ɓata ƙarfen sinki, in ya isa ramin masai ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta. Soda mai ƙuna, wadda mata ke haɗa sabulu da ita, ita ma ana zubawa. To ki tuna me ke faruwa in soda ta haɗu da manja: sabulu ake samu. In ruwan bai isa ya kore shi ba, sabulun zai sandare a cikin fayif ya fi na da tauri. Mafi haɗari shi ne haɗa magunguna. Hypo ko Jik in suka gamu da asid suna fitar da iskar kulorin, a ƙaramin kicin mai rufaffiyar taga tana iya kwantar da mutum. Kananzir da fetur ma kada a zuba, kicin wurin wuta ne. In ɗayan waɗannan ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 sannan a nufi asibiti. Kuma don Allah, duk wanda ya riga ya zuba wani abu, ya gaya wa mai gyara kafin ya kwance kwalba, fuskarsa na ƙarƙashinta. Haɗin bekin soda da ruwan khal da ake nunawa a TikTok ba ya cutarwa, yana ɗan rage wari, amma kumfar kallo ce kawai. Junansu suke kashewa, ba sa taɓa tsohon maiƙo.

Fayif ba ya toshewa rana ɗaya. Yana fara jinkiri, ya riƙa ƙugi bayan ruwa ya wuce, wari ya riƙa tasowa da safe. A wannan matakin a wanke kwalba, a sa robar tsotso mai sanda a bakin sinki da ruwa a ciki, a toshe ɗaya bakin da tsumma in sinkin mai baki biyu ne, a danna a ja da ƙarfi. In bai yi ba, waya mai murɗawa ce za ta shiga ta ƙofar fayif, a jawo dattin waje, a bi da ruwa mai yawa. Rodi ko sandar ƙarfe ba sa shiga fayif ɗin roba. Suna huda gwiwa a cikin bango, sai bayan wata shida a ga fenti na kumbura.

Batun biya kuwa, wurin da aka samu toshiyar shi ke yanke hukunci, kuma gane shi ba ya buƙatar gardama. A buɗe camba a sa wani ya zuba ruwa daga kicin. In cambar cike take, ruwa ba ya fita, matsalar na gaba, a babban layi ko sokawe, wannan na mai gida ne. In ruwan da aka zuba bai iso cambar ba, matsalar na tsakanin sinki da camba. Daga nan a kwance kwalba: in ita ce cike da shinkafa da soso, ɗan haya ya biya, ba shi da ta cewa. In a fayif ɗin da sashe biyu suka yi tarayya ne, kuma an zaro maiƙo, su raba kuɗin. In kuwa an tarar fayif ya lotsa, ko ya fashe, ko saiwa ce, ko siminti, naki ne, ko da ɗan hayan ba shi da tsafta. Ki sa a ɗauki hoton abin da aka zaro kafin a zubar, ke ko mai kula da gidan wani ya tsaya a wurin.

Duk wannan a rubuta shi a takardar haya, layi uku sun isa: rariyar sinki da kwalba na ɗan haya ne, camba da babban layi da sokawe na mai gida ne, ba a zuba asid ko soda sai da izini. Ranar da sabon ɗan haya zai karɓi makulli, a cika sinki a sake shi a gabansa, a ɗauka a waya, don a san a yadda ya same shi. Bayanin kuma kada ya tsaya a kan maigidan da ya sa hannu, shi ba ya wanke-wanke. Uwargida da 'yar aiki da yaran da ake sawa su ne masu sinkin, su za a nuna wa gwangwanin mai da yadda ake kwance kwalba. Rariyar ƙarfen ki saya da kuɗinki ki raba musu, ba ta kai kuɗin zuwan mai gyara sau ɗaya ba. Ki kuma tambaya ko akwai mai sana'ar abinci a cikinsu, awara ko waina ko abincin biki. Ba laifi ba ne, amma irin wannan kicin yana son camba babba ta kansa da kwasa duk mako. Sashen da ya zauna babu kowa, a riƙa sakin ruwa a sinkinsa duk mako biyu, domin ruwan kwalba na ƙafewa da zafi, wari da kyankyaso su shigo, ɓawon da ke cikin fayif kuma ya bushe ya ƙara tauri.

Wanda za ki kira a wannan karon, ki ce ya zo da lebul da waya, ya tone layin daga bangon kicin zuwa camba ya auna gangarar a gabanki. In tsohon fayif ɗin ya riga ya yi ɓawo ko asid ya lanƙwasa shi, kada a ɓata kuɗi wajen wanke shi, a sauya sabo mai kauri, a shimfiɗa shi a kan yashi, a gwada da bokiti biyu na ruwa kafin a mayar da ƙasa.